Goron Baba Ya Kwana Biyu a Damagaram

Talata: Daga Jakara zuwa iyaka

Ƙarfe shida saura kwata na fito daga ɗakina a gidanmu da ke Jakara, gari bai waye ba, mai ƙosan bakin layi ma ba ta hura wuta ba. A kafaɗata akwai baƙar jaka, a cikinta kuma akwai abin da nake ji da shi fiye da rigar jikina: takardar yarjejeniya kwafi uku, takardun amincewar iyaye, da tambarin ƙungiyarmu da tawadarsa. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu, mu ne masu ajin yamma inda 'yan dako da masu sana'a ke koyon karatu da lissafi. Ba yabon kai ba, a lokacin ban san wanda ya fi ni iya tsara wasiƙa a cikin badalar Kano ba.

Ga dalilin tafiyar. Shekara biyu muna musayar wasiƙa da wata ƙungiyar matasa ta Damagaram a Nijar, da wata ta uku a ƙasar Turai. Shirin shi ne matasa huɗu na Damagaram su zo Kano wata huɗu, su koyi Turanci da buga keken rubutu, su koyar da Faransanci a ajinmu, namu huɗu kuma su tafi can. Turawan za su ɗauki nauyin mota da littattafai, amma sun ce sai soja ya koma bariki a ƙasashen biyu. To ga shi mu mun samu farar hula, Nijar ma ta biyo bayanmu, sai suka rubuto cewa su ga sunaye takwas da sa hannun iyaye kafin wata ya ƙare, in ba haka ba shirin ya koma wani gari. Iyayen matasan namu sun ce su dai su ga na Damagaram sun sa hannu tukuna. Ke nan in ban jefa takardun nan a gidan waya ranar Litinin ba, wahalar shekara biyu ta bi ruwa.

A zaure na tarar da Baba ya dawo daga masallaci yana jan carbi. Tsohon dillalin fata ne a kasuwar Kurmi, kuma bai taɓa ɗaukar ƙungiyarmu da muhimmanci ba, "ƙungiyar tambari" yake ce mana. Sau biyu ina roƙonsa ya ba mu ɗakin da ke jikin zaure mu mayar ofis, ɗakin da yake kulle tun ina sakandare, sau biyu yana ce mini ɗakin yana da mai shi. Na durƙusa na yi masa sallama. Ya jawo wani ƙunshin goro da aka naɗe da ɗanyen ganye aka ɗaure da igiya, ya miƙo mini.

"Ka kai wa Alhaji Mato mai fata, a Zangon Damagaram," in ji shi. "Ka kai kafin ka sauke jakarka."

Na ce to. A raina kuwa na ce ga ni da aikin ƙasashe uku a ka, an haɗa ni da aiken goro. Na cusa shi a ƙasan jaka, na ɗora takardu a kai.

A tashar Ƙofar Ruwa na haɗu da abokiyar tafiyata, Malama Hadiza ta Mandawari, shugabar ajin mata. Ta girme ni da shekara goma, ungozoma ce, kuma ba ta da yawan magana sai in ta ga za a faɗa rami. Maigidanta ne ya kawo ta a babur, ya damƙa mini amana har sau uku. Muka samu fijo mai zuwa Daura, kowa naira ɗari da hamsin, muka jira ta cika har bakwai da minti goma. Muka bi ta Dawanau, muka ratsa Dambatta, takwas da rabi muna Kazaure, inda direba ya tsaya zuba ruwa a lagireto mu kuma muka sha kunu. Direban mai surutu ne. Duk inda muka wuce wani wuri sai ya nuna da baki ya ce nan da shingen soja ne, can ma shinge ne, bara warhaka da yanzu ya sauka sau shida. Na tambaye shi ko ya ji daɗin farar hula. Ya ce tayarsa dai ta ji.

Goma saura kwata muka shiga Daura, kilomita ɗari da talatin da wani abu daga Kano. Muka canza mota zuwa Kwangwalam, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. A nan aka duba takardun tafiyarmu da katin rigakafi. Na zaro wasiƙar gayyata mai tambari biyu na miƙa ba a tambaye ni ba, jami'in ya karanta har ƙasa, ya ce Allah ya taimaka. Na kalli Malama Hadiza don ta shaida aikin takarda. Ita kuwa tana can tana canjin kuɗi wurin wani mai tebur.

Talata da rana: Matamaye zuwa Damagaram

A tsallaken iyaka jandarma, jami'in tsaron Nijar, ya yi mana tambaya da Hausa tsantsa, ya ji daga Kano muke ya ce a riƙe aljihu, Kanawa sun shigo. Mu da Damagarawa abokan wasa ne, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, mun duba ba abin saye. Ya yi dariya ya buga mana hatimi. Sha ɗaya da rabi muka samu wata tsohuwar bas. A Matamaye muka yi azahar, muka ci dogon burodin nan nasu da kilishi, wanda dole in faɗi gaskiya ya fi namu, ko da yake ban faɗa a gabansu ba. Daga nan sai Kance, sai Takeita inda muka hau babban titi muka yi gabas. Ƙarfe uku da minti ashirin manyan duwatsun Damagaram suka bayyana. Jimillar tafiyar wajen kilomita ɗari biyu da hamsin.

Shugaban ƙungiyarsu, Mushe Isufu, yana jiranmu a tasha. Mushe suke ce wa malamin makaranta, makarantar kuma lakwal. Dogo ne siriri, sa'ana, kuma na gane shi tun daga nesa don shi ma baƙar jaka ce a kafaɗarsa. Shekara biyu mun san rubutun juna ba mu san fuska ba, muka rungume juna kamar 'yan uwa. Ya kai Malama Hadiza gidan yayarsa, ni kuma ya sauke ni a ɗakinsa. Na tuna da goro, na tambaye shi ko Zango da nisa. Ya ce tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙasa. Na ce ashe ma kusa ne, a bari sai an gama babban aiki. Na sauke jakata, muka baje takardu a tabarma muna gyaran sakin layi har aka kira magariba. Tuwon gero da miyar kuka muka ci, ruwan wanka kuma rabin bokiti aka ba ni, don garin ba ya wasa da ruwa.

Laraba: Taron iyaye

Da safe Mushe ya zaga da mu ajinsu. Rumfar zana ce a bayan wata lakwal, da allo ɗaya da benci shida, amma tsarinsu ya burge ni. Duk wanda ya iya karatu sai ya koyar da mutum biyu kafin a ba shi takardar shaida. Na rubuta wannan don mu kwaikwaya. Muka ga matasan huɗu da aka zaɓa, maza biyu mata biyu. Babbansu Lawali, makanikin babur, ya haddace gaisuwar Turanci ya juye mini ita gaba ɗaya ba numfashi. Ƙaramarsu Zara ta tambayi Malama Hadiza ko gaskiya ne a Kano akwai mata masu buga keken rubutu a ofis. Yadda idonta ya yi da aka ce mata akwai, shi ya sa na ji nauyin abin da na ɗauko.

Bayan la'asar iyaye da dattawan unguwa suka taru a farfajiyar lakwal, mutum wajen ashirin. Na miƙe na yi jawabi na minti arba'in. Na kawo tarihin ƙungiya, na kawo zumuncin ƙasashe, na ɗaga yarjejeniya na nuna tambari uku. Ni da kaina na ji daɗin jawabin. Da na zauna sai mahaifin Zara, wani dattijo mai suna Malam Ari, ya gyara zama ya ce yana da 'yar tambaya.

"Ɗiyanmu, gidan wa za su sauka?"

Na ce ƙungiya ta yi tanadi, za a kama musu haya, yana nan a sashe na biyar.

"Ƙungiya tana da ƙofar gida? In ɗiyata ta kwana da zazzaɓi, wa zan tambaya, tambarin?"

Aka yi 'yar dariya. Na fara bayanin kwamiti, ya ɗaga hannu ya tambaye ni ɗan wane ne ni a Kano. Na faɗi sunan Baba da sana'arsa, ina jin wannan kam zai taimaka. Sai na ga dattawan sun kalli juna. Ya tambaye ni yaushe na shigo gari, na ce jiya. Ya tambayi inda na sauka, na nuna Mushe. Ya ce to madalla, za su yi shawara. Suka yi addu'a, suka kakkaɓe riguna, suka watse. Takarduna huɗu suna kan tebur, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A hanyar komawa na yi ta faɗa, na ce mutanen nan ba su san ci gaba ba, an kawo musu dama har gida suna tambayar zaure. Mushe shi ma bai gane ba, iyayen nan da bakinsu suka amince masa wata biyu da suka wuce. Malama Hadiza ta bari na gama, sannan ta ce ruwa ba ya tsami banza, in bar ta ta ji ta bakin mata.

Alhamis: Zango

Ƙarfe bakwai na safe ta yi sallama a ƙofar Mushe. Ba ta zauna ba. Ta tambaye ni ko Baba ya ba ni saƙo, na ce goro ne kawai, yau nake shirin kaiwa. Ta dube ni irin duban da take wa mai jego da ta ƙi shan magani.

Ga abin da ta jiyo. Tun mako guda kafin mu taso, Baba ya aika wa Alhaji Mato ta bakin wani direban babbar mota cewa ɗansa na tafe ranar Talata. Alhaji Mato ya sa aka share ɗaki, aka yanka kaji, ya gaya wa duk Zango ɗan mai masaukinsa na Kano zai sauka a gidansa. Ya zauna a zaure tun azahar har isha'i. Abinci ya huce, aka raba wa maƙwabta. Washegari labari ya iso cewa yaron ya shigo gari lafiya, ya sauka wani wuri, ko gaisuwa bai zo ba. Rabin dattawan da na yi wa jawabi a zauren nan suke hira.

"Matar Malam Ari ta ce mini," in ji Malama Hadiza, "wanda bai san ƙofar abokin ubansa ba, shi za a ba ɗiya ya kai wani gari?"

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na tono goron daga ƙarƙashin takardu. Ganyen da Baba ya naɗe shi da shi ya bushe ya yi ƙamas, ko yayyafa masa ruwa ban tuna na yi ba.

Bakwai da rabi muka kama hanya ni da Mushe, minti goma sha biyar ɗin nan da na raina. Tun daga bakin zauren Alhaji Mato na ji warin jima irin na gidanmu sak. Alhaji Mato tsoho ne ƙwarai, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan buzu. Na yi sallama na durƙusa na faɗi sunana. Ya amsa, ya tambayi Baba, ya tambayi Hajiya mahaifiyata, ya tambayi mutanen Kurmi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu ina firamare, ni kuwa ina durƙushe gwiwata na raɗaɗi bai ce in zauna ba. Sannan na miƙa saƙo. Ya shafa ƙunshin, ganyen ya ruguje a hannunsa.

"Ganyen Kano ba ya bushewa a yini ɗaya," ya ce.

Na ce, "Baba, na yi laifi. Tun Talata nake garin nan. An ce in kawo kafin in sauke jaka, na ga kamar aikina ya fi. A yafe mini."

Ya kwance igiyar, yana ware goron sai wani abu ya faɗo kan buzu. Tsohon mabuɗi ne, ɗaure da 'yar igiyar jar fata. Ya lalubo shi, ya juya shi a tafin hannu. Da ya buɗe baki muryarsa ta canza. Ya ce shekara ashirin da shida yana kai fata Kano, bai taɓa kwana ko'ina ba sai ɗakin da ke jikin zaurenmu. Ya ce ranar sunana yana ɗakin, shi ya riƙe ragon. Da ƙafa da ido suka gaza, shekara goma sha ɗaya ke nan, ya mayar wa Baba mabuɗin ya ce a ba wani, Baba ya ce zai dai ajiye masa. Sai a lokacin na san mai ɗakin da na so in mayar ofis.

Ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na faɗa masa cikin minti uku, ba sashe ba sakin layi. Ya ce ya ji, kuma ubana ya riga ni faɗa, ga shi a hannunsa. Sannan ya yanke mini hukunci. In koma in ɗauko jakata, ni da kaina, a ƙasa, in biyo ta tsakiyar Zango ba ta lungu ba. Mushe ya so ya taya ni, tsohon ya ce Mushe ba shi aka aika ba.

Haka na yi. Ƙarfe goma na safe, rana ta fara zafi, sakatare guda ya ratsa Zango da jaka a ka. Masu shago suna yi mini sannu da zuwa kamar yanzu na sauka daga mota, wani ma ya tambaye ni ya hanya. Na ce lafiya lau, sai dai ta yi tsawo. A gidan aka sake yanka kaza, na ci ina jin kunya, amma na cinye.

Bayan la'asar dattawan jiya suka zo zauren, ba wanda ya aika musu da takardar gayyata. Alhaji Mato ya sa aka zaga da goron Baba, kowa ya ɗauka. Ya ɗaga mabuɗin ya ce, "Ina da ɗaki a Kano. Ɗiyanku maza can za su sauka, baƙina ne, a hannun mai masaukina. Na Kano in sun zo, nan gidan. Wanda ya ga ba daidai ba, ni zai tambaya." Malam Ari ya ce saura mata. Malama Hadiza ta amsa daga bakin ƙofar cikin gida cewa 'yan matan a ɗakinta za su zauna a Mandawari, da yardar maigidanta, ta faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ashe matar Malam Ari ta riga ta yi mata tambayoyin da suka fi na jandarma tun daren jiya. Malam Ari ya juyo ya ce in kawo takardun nan nawa.

Cikin minti goma sha biyar aka gama. Uku daga cikin iyayen dangwala yatsa suka yi, don haka a duk kayan da na ɗauko daga Kano tawadar tambari ce ta fi amfani. Alhaji Mato ya kira Lawali ya damƙa masa mabuɗin, ya ce ya rataya a wuya, kuma in ya isa Kano ya san inda zai fara zuwa kafin ya sauke jaka. Duk zauren aka kalle ni aka yi dariya, ni ma na taya su. Zara tana tsakar gida, na jiyo guɗar da wata ta rangaɗa mata.

Juma'a: Komawa gida

A ɗakin da aka share mini tun Talata na kwana. Ƙarfe shida da rabi Mushe ya raka mu tasha, muka rabu a kan za su taso bayan babbar salla. Alhaji Mato ya haɗa ni da dabino da kilishi na Baba, wannan karon a saman jaka na sa su, takardu a ƙasa. Sha ɗaya muka tsallake iyaka, muka tsaya Daura na yi Juma'a, uku saura muka samu mota. A Kazaure taya ta yi faci muka ɓata minti arba'in. Shida saura minti goma muka sauka a Ƙofar Ruwa, na miƙa Malama Hadiza ga maigidanta, na tari tasi zuwa bakin Kurmi, na ƙarasa a ƙasa.

Baba yana zaure inda na bar shi. Ban shiga ciki ba, ban sauke jaka ba, na durƙusa na miƙa masa saƙo. Na shirya ba shi labarin sa hannu, amma ba shi ya tambaya ba. Ya ce yaushe na kai goron. Na ce Alhamis. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, na ba shi labarin jaka a ka da tsakiyar Zango. Ya ce Mato ya yi mini sauƙi.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa, Baba. Mabuɗin ma bai dawo da shi ba. Yana wuyan wanda zai zo."

Baba ya juya ya kalli ƙofar ɗakin nan da ta shekara goma sha ɗaya a kulle. Ya daɗe yana kallonta, ya sa bakin rawani ya goge ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Sannan ya ce gobe in nemo tsani in duba indararon ɗakin, kada damina ta sami baƙi a ciki yana yoyo.

Ranar Asabar iyayen namu huɗu suka sa hannu a zauren nan, ranar Litinin ƙarfe tara na jefa takardu a gidan waya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Mushe Isufu da mutanen Damagaram, da Malama Hadiza wadda ta ji abin da kunnena bai ji ba, da tsofaffi biyu da suka ƙulla yarjejeniyar nan tun ba a haife ni ba. Indararon na gyara shi. Ɗakin kuwa ban samu na share ba, don mabuɗin yana Damagaram, sai masu shi sun iso.